Wa zan bar wa shago in ba na nan?

Mai Sari Mabera:
Assalamu alaikum jama'a, shawara nake nema. Ina da shagon sari na kayan masarufi, shinkafa, taliya, suga, man girki, da yara bakwai. Watan jiya zazzaɓi ya kwantar da ni sati biyu, wallahi wayata ba ta huta ba, Alhaji nawa za mu sa katan, Alhaji direba ya ce an ƙara kuɗin mota a biya ko a bari, har babban yarona da muka shekara tara tare sai da ya kira ni a kan farashin taliya ina kwance ana min ƙarin ruwa. Amana kam akwai, ba a taɓa min ko sisi ba. Amma babu mai iya tsayawa ya ce ga yadda za a yi. Mu da muka taso kallon maigida kake yi shekara da shekaru har ka haddace kasuwa, to yanzu me za a haddace? Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 aka saki naira, farashin safe daban na la'asar daban. Yaya ake horar da mutum ya riƙe wuri a irin wannan yanayi?

Baba Mai Albasa Ramin Kura:
Wa alaikumus salam. Allah shi ƙara sauƙi ɗana. Amma in hwaɗa maka gaskiya, laihin naka na. Shekara tara, ka taɓa bari nai shi yi asara ko sau ɗaya? In ba ka taɓa ba mi kaka so shi yi in ba kira ba? Mu albasa muka saidawa, ita ba ta jiran maigida shi warke, ruɓewa ta kai. Ni yaro in na ga yana da kai, buhu goma nika ware mai, in ce saye da saidawa dut naka na, in an ci riba mu raba, in an hwaɗi ni na ɗauka. Kuma ko ya yanke kuɗin da bai yi man ba, ban tada cinikin gaban mai saye, sai bayan magariba mu zauna in tambaye shi mi yag gani. Da anka ruhe bodar Illela a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, har Maris na 2024, waɗanga yaran su sunka riƙe ni, don sun saba tunani da kansu.

Yaron Shago Arkilla:
Baba Allah ya ƙara girma, ka taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Alhaji kar ka ji haushi, amma yawancin iyayen gidanmu ba sa gaya mana nawa suka saro kaya, lambar dila ma ɓoyewa ake kamar layar zana, to wanda bai san kuɗin saye ba ta ina zai yanke na sayarwa? Lokacin ƙarancin takardun kuɗi farkon 2023 mu ne muka san POS da taransifa da yadda ake gane alat na bogi, oga har shawara yake nema wurinmu, kuɗi na dawowa aka koma je ka karɓo min shayi.

Mai Sari Mabera:
Ban ji haushi ba ƙanena, ni ma ina ɓoyewa, ba zan yi ƙarya ba. Na taɓa buɗe wa wani komai, ya tashi ya kama shago a layinmu ya tafi da rabin kwastomomina. Wannan tabon ne.

Malama Runjin Sambo:
Alhaji wanda zai tafi ai zai tafi, ko ka koya masa ko ba ka koya ba, gara ka sallame shi da hannunka ya zama kwastomanka na sari. Kuma mu a garin nan ba sai mun je nesa neman misali ba. Shehu Usmanu yana raye ya raba ragamar mulki tsakanin Abdullahi da Muhammadu Bello, shi ya zauna Sifawa yana karantarwa, kafin rasuwarsa a 1817 sun riga sun goge. Nana Asma'u ma jajis ɗinta, wato matan da ke kai karatunta wa matan karkara, ba ta bin su ƙauye, ta karantar da su ta ɗora musu malfa ta tura su. Ni a makarantar da nake shugabanta rubutawa na yi: ga abin da mataimakiyata za ta yanke ba tare da ta tambaye ni ba, ga wanda dole ta kira. Ka yi wa babban yaron naka iyaka da kuɗi, kaza zuwa kaza naka ne.

Mai Sari Mabera:
Na gode ƙwarai. To zan gwada, daga Asabar ɓangaren taliya da man girki nasa ne, zan ba shi lambar dila da littafin saye. Allah ya sa kar hawan jinina ya tashi.

Baba Mai Albasa Ramin Kura:
Amin. Ranar Assabar ɗin ka ba uwargida wayarka ta aje, don na san halinku, kai za ka hwara kira nai tun kahin azahar.