Tafiyar jagora a cikin jam'iyya: aƙida ce ko ɓangare?

Malam Sani: Jama'a, ni dai ra'ayina shi ne duk tafiyar da aka liƙa wa sunan mutum a cikin jam'iyya, ko ta Trump ce a Amurka, ko ta tsohon shugaban ƙasa Juan Peron a Ajantina, ko Kwankwasiyya, ba aƙida ba ce. Ɓangare ne da ya dace da mai farin jini. A 2020 jam'iyyar Republican ko sabon kundin manufofi ba ta rubuta ba, cewa ta yi tana bayan abin da Trump ya sa a gaba. In aƙida ce, ina takardarta?

Dakta Hadiza: Malam Sani, ai ɓangare da shugabannin jam'iyya yake ciniki, a ba shi kujera ya yi shiru. Ita wannan tafiyar tsallake su take yi. Jagoran yana magana da talaka kai tsaye, ya raba masa duniya gida biyu, mu da manya, har biyayya gare shi ta fi katin jam'iyya nauyi. Dubi 'yan majalisar wakilai 10 na Republican da suka kaɗa ƙuri'ar tsige Trump a Janairun 2021. Bayan zaɓen 2022 biyu kacal suka dawo: huɗu sun faɗi a zaɓen fidda gwani, ciki har da Liz Cheney, huɗu kuma ba su sake tsayawa ba. Ba sakatariyar jam'iyya ce ta kore su ba, masu ƙuri'a ne.

Barista Auwal: Dakta ta taɓo wurin. A daina kallon taron gangami, a kalli zaɓen fidda gwani. Mai son sanin ko tafiya ta cinye jam'iyya ya tambayi wa ke riƙe da rajistar mambobi, wa ke fitar da deliget tun daga mazaɓa, wa ke zaune a kwamitin tantance 'yan takara, kuma sa hannun wa ke fitar da kuɗi. Jeremy Corbyn ya zama shugaban jam'iyyar Labour a Birtaniya a Satumbar 2015, a lokacin da dokar jam'iyya ta bar magoya bayan da suka biya fam 3 su yi zaɓe. Aka kafa masa ƙungiyar magoya baya mai suna Momentum. Amma 'yan majalisa ba nasa ba ne, a 2016 mutum 172 cikinsu suka ce ba su amince da shi ba, 40 suka tsaya masa. Mambobi suka sake zaɓarsa, amma kujerun majalisa suna hannun waɗanda ba sa yinsa. Da ya faɗi zaɓen 2019, Keir Starmer ya karɓi jam'iyya, shi kuwa Corbyn a 2024 ɗan takara mai zaman kansa ya tsaya. Tafiyar ta sami jama'a, ba ta sami 'yan takara ba.

Malam Sani: To Barista, ai ka ƙara min hujja. Kwankwaso ya bar PDP zuwa APC a 2013, ya koma PDP a 2018, ya shiga NNPP a 2022, masu jar hula suna biye. Mutum suke bi.

Barista Auwal: Bin mutum ne, amma ɗan ɓangare in ya sauya sheƙa da shugabanni yake tafiya, ƙuri'a ta zauna. Nan ƙuri'ar ce ta tashi, har jam'iyyar da ba ta da gwamna ko ɗaya ta ci Kano a 2023. Wannan ya wuce ɓangare, ko da bai kai aƙida ba.

Dakta Hadiza: Kuma Malam, me za ka ce da Peron? Sojoji sun kifar da shi a 1955, an haramta jam'iyyarsa, an hana ko ambaton sunansa, ya yi shekara 18 yana gudun hijira, ya rasu a 1974. Har yau da sunansa ake takara a Ajantina.

Malam Sani: Da sunansa Shugaba Carlos Menem ya sayar da kamfanin mai na YPF, da sunansa kuma Shugaba Cristina Kirchner ta maido shi hannun gwamnati a 2012. Wace aƙida ce ke sayarwa da dama ta ƙwace da hagu?

Kwamared Garba: Ku bari in sa baki. Abin da ya raya ta Peron ba rubutu ba ne, ƙungiyoyin ƙwadago ne, musamman CGT, babbar ƙungiyar ƙwadagon Ajantina. Suna da kuɗin mambobi da ofisoshi da wakilai a masana'antu, saboda haka da aka rufe jam'iyya akwai inda tafiyar ta fake. Inda irin waɗannan tafiyoyi ke karyewa kuwa wajen gado ne. Jagora ba ya son na biyu mai ƙarfi, kuma tunda shi kaɗai ke fassara manufa, kowa ya ɗauka da shi ake. Ranar da Peron ya dawo a Yunin 1973, magoya bayansa masu ra'ayin riƙau suka buɗe wa masu ra'ayin sauyi wuta kusa da filin jirgin Ezeiza. PRP ma tun Malam Aminu Kano yana raye ta dare santsi da taɓo, gwamnoninta biyu, Rimi da Balarabe Musa, suka yi nasu wuri.

Malam Sani: Kwamared, wannan ta shige ni fiye da ta Dakta. Amma sunan aƙida ba zan ba ta ba sai an nuna min ranar da mabiya suka kayar da ɗan takarar jagora a zaɓen fidda gwani saboda ya saɓa manufar tafiyar, kuma suka ci gaba da kiran kansu 'yan tafiyar.