Tsinken walda yana manne min a ƙarfe, daga inji ne ko daga hannuna?

Mai_Koyo:
Assalamu alaikum masu sana'a, barkanmu da aiki. Don Allah a taimaka min. Na fara koyon walda da ƙaramin injin walda na inbata mai amfiya (ma'aunin ƙarfin wuta) 200, tsinke 6013 mai kaurin milimita 3.2 nake sawa, amma da na ɗora sai ya manne, sai na yi ta jijjiga kafin ya saki, wani lokaci har ya yi jawur. Injin ne ba kyau ko me? Sannan lambobin nan 6013 da 7018 me suke nufi ne?

Tsohon_Hannu:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin ka ɗora wa inji laifi, nawa ka murza wutar? Yawancin masu koyo tsoron wuta suke, su sa ta ƙasa sosai, to dole ya manne. Tsinke 3.2 yana son amfiya 90 zuwa 130, na 2.5 kuma wajen 60 zuwa 90. Fara da 110 ka gani. In ya cigaba da mannewa ka ƙara kaɗan, in ka ga tartsatsi ya yi yawa yana cin gefen ƙarfe ko yana huda shi sai ka rage.

Na biyu duba kilif ɗin at ɗinka, wato maƙalar wayar da ake kama ƙarfen aiki da ita, kar ka maƙala shi kan tsatsa ko fenti, goge wurin har ƙarfe ya yi haske tukuna, don wutar nan zagaye take, daga inji ta bi holda, wato mariƙin tsinke, ta bi tsinke ta tsallaka kan aiki ta koma ta wayar at, ko ina ta samu cikas a hanya za ka gani a bakin tsinke. Sai kuma hannu. Kar ka caka ka tsaya, ƙyasta shi za ka yi kamar ashana ka ɗan ɗaga, tazarar kar ta wuce kaurin tsinken.

Injiniya_Ƙarami:
Oga ya gama maganar mannewa. Batun lambobi, tsarin ƙungiyar masu walda ta Amurka ne, AWS. Biyun farko ƙarfin waldar ne, 60 na nufin tana jure jan fam 60,000 a kowane murabba'in inci, 70 kuma 70,000. Lamba ta uku in 1 ce to yana yi a kowane yanayi, kwance, tsaye, har sama da kai. Ta ƙarshe tana nuna irin maganin da aka shafe shi da shi da irin wutar da yake so. Maganin nan ba ado ba ne, shi ke ƙonewa ya fidda hayaƙin da ke kare narkakken ƙarfe daga iska, ya bar ɓawo a sama wanda za ka kankare da guduma bayan ya huce. Wani ɗan Suwidin, Oscar Kjellberg, ya fito da tsinke mai magani a farkon ƙarni na 20, kafin nan da waya tsirara ake yi walda ta yi ta tsagewa.

Ni dai shawarata ya koma 7018, ya fi ƙarfi nesa.

Tsohon_Hannu:
A'a Injiniya, nan ban bi ka ba. Mutumin da 6013 ke manne masa ka ce ya ɗauki 7018? Ai shi ya fi wuyar kamawa, in ka tsaya sai bakinsa ya toshe sai ka ƙwanƙwasa kafin ya sake tashi, ga shi ba ya son danshi ko kaɗan, in ya sha sanyi walda ta fito da ƙananan ramuka, shi ya sa a manyan ayyuka ake ajiye shi cikin akwatin ɗumama. Ya zauna kan 6013 har hannu ya faɗa, ya yi ta jan layi a kan gutsuren ƙarfe mai kauri.

Mai_Koyo:
Kai, na gode ƙwarai manya. A 70 na ajiye shi wallahi. Amma Oga in na daɗe ina yi sai injin ya ɗauke, wata fitila ruwan ɗorawa ta kama, shi ma matsala ce?

Injiniya_Ƙarami:
Lafiyarsa lau, zafi ya yi yana kare kansa. Duba jikinsa za ka ga an rubuta kashi, misali 60%, ma'ana cikin minti 10 ya yi aiki na 6 ya huta na 4 a amfiyar da aka rubuta tare da kashin. Kar ka kashe shi, bar fankar ta sanyaya shi. Kuma don Allah sa gilashin fuska na walda mai lambar duhu 10 ko 11, ba tabarau na rana ba, hasken nan ƙona ido yake kuma ba za ka ji ba sai cikin dare. Sa safar hannu ta fata, in ƙarfen mai farin shafe ne irin na fayif ɗin ruwa goge shafen tukuna ka yi a fili, hayaƙinsa zazzaɓi yake sawa. Duro ko tankin da ya taɓa ɗaukar fetur kuwa kar ka ɗora masa wuta ko da ka ga ya bushe.