Zafin bututu da yanayi: me ya sa saitin bindigar farauta ke gocewa?

Sabon Jagora: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. A dazukan farauta na arewacin Kamaru, wajen Binuwai da Faro, baƙi kan zo daga Turai da bindigar da suka saita cikin sanyi, amma a zafin Maris sai harsashi ya riƙa sauka inda ba a nufa ba. Laifin iska ne, ko na bindigar?

Tsohon Maharbi: Wa alaikumus salam, yarona. Fara duba harsashin kafin ka zargi iska. Albarushi mai zafi ya fi saurin ci, matsin da ke cikin bututu ya ƙaru, gudu ya ƙaru. A albarushi gama-gari, kowane digiri ɗaya na zafi kan ƙara wa gudun harsashi kusan rabin mita a daƙiƙa. Wanda ya yi saiti a digiri 5 ya zo Garwa ya tarar da 40, ya samu ƙarin mita 17 ke nan a daƙiƙa. A nisan mita 100 da kyar za ka lura, a mita 300 harsashi zai haura santimita 2 zuwa 3. Wannan ba ya kuskure ɓauna. Abin tsoron shi ne matsin: harsashin da aka bari a gaban mota cikin rana ya fi iskar waje zafi nesa ba kusa ba. In sakata, wato ƙarfen da ke kulle harsashi a gindin bututu, ta yi tauri wajen buɗewa, ko ka ga gindin kwanso ya baje, a daina harbi da wannan kwalin harsasan har ya huce a inuwa. Turawan da suka ƙera harsasan .416 Rigby a 1911 da .375 H&H a 1912 sun san da haka, shi ya sa suka ba su babban kwanso da matsi mai sauƙi, don albarushin lokacin ba ya jure zafi.

Mai Gyaran Bindiga: Gaskiya ne, Baba, amma yawancin waɗanda ake kawowa gyara ba nan cutarsu take ba. Bututun bindigar farauta siriri ne don kada ta yi nauyi a kafaɗa. Harbi 3 a jere ya isa ya ɗumama shi, na 4 da na 5 sai su fara tafiya gefe guda, galibi sama. Ƙarfe in ya ji zafi yakan miƙe, kuma in yana taɓa katakon ƙota a wani wuri, wurin zai ture shi. Gwajin mai sauƙi ne: zura takardar kuɗi tsakanin bututu da katako, ka ja ta daga gaba zuwa gindi. In an ƙera bindigar don bututun ya zauna ba ya taɓa komai, dole ta wuce salin-alin. Maimaita bayan ya yi zafi, don wani ba ya taɓawa sai a lokacin.

Katako kuma yana bin yanayi. Da damina ya kumbura, da hunturu ya bushe ya tsuke, notukan da suka riƙe ƙarfen da ƙotar su saki. A ɗaure su gwargwadon ƙarfin da kamfanin ya ƙayyade, ba iya ƙarfin hannu ba, don matsewa fiye da kima ma tana sauya saiti.

Sabon Jagora: To Malam, yaya za a yi saitin a nan?

Mai Gyaran Bindiga: Da sanyin safe, a mita 100, bindiga a kan buhun yashi. Harbi ɗaya, a buɗe sakata, a tsayar da ita a inuwa baki sama don zafi ya fita, a jira minti 5 ko fiye. In ba ka iya riƙe bututun da tafin hannu ba, bai huce ba. Harbi 3 haka, sannan a juya madubin hangen da ke kan bindigar don gyara saiti. Kada a ɗana harsashi cikin bututu mai zafi ana hira, yana gasuwa ne.

Mai Bin Sawu: In ƙara biyu, Yaya. Dabba harbin farko take samu, daga bututu mai sanyi, don haka shi ake saitawa. Bututun da aka goge aka shafa wa mai sau da yawa yakan jefa na farkon daban. A share man da busasshen ƙyalle, a yi harbi 2 don bututun ya ɗan yi datti, a bar shi haka har ƙarshen farautar. Na biyu, kawalwalniya. Da rana tsaka dabbar da kake gani a madubi tana rawa, kuma ba daidai nan take ba. Rage ƙarfin madubin zuwa 4 ko ƙasa, ka matsa kusa.

Tsohon Maharbi: Ban yarda a bar bututu ba mai ba in ruwan farko ya sauka, tsatsa ba ta jira. Da rani dai haka ne. Ƙurar hunturu in ta haɗu da mai sai ta zama taɓo, ta riƙe sakata da allurar da ke dukan gindin harsashi, don haka a bar su kusan a bushe. A liƙe bakin bindiga da salatif ɗaya na masu wayarin, iskar da ke gaban harsashi za ta fasa shi, saiti ba ya sauyawa. Kuma kada a fito da ita kai tsaye daga mota mai na'urar sanyi zuwa iska mai laima: madubi zai yi gumi, ruwa ya kwanta a mazaunin harsashi, kwanso ya kasa kama bango ya daki sakata da ƙarfi. A bar ta cikin jakarta tukuna, ta ɗauki ɗumin waje.