Jirgina na faiba ya tsage a ƙasa, na liƙe sau biyu yana sake buɗewa

Matuƙin Yelwa:

Assalamu alaikum. Ina da jirgin faiba mai tsawon ƙafa 23 da injin Yamaha mai doki 75, ina jigilar mutane da kaya daga Yelwa zuwa ƙauyukan tsallake, wani lokaci har Wara. Wata biyu da suka wuce, da ruwa ya fara ja baya, ina dawowa da la'asar sakaliya ɗauke da buhun shinkafa goma sha biyu da mutum shida, sai na ji gum! a ƙarƙashina. Kututture ne. Duk mai tuƙi a nan ya san su, itatuwan da ruwa ya haɗiye tun da aka datse Kwara a Kainji a 1968, har yau suna nan tsaye a ƙasa. Allah ya kiyaye, muka kai gaci muna kwarfe ruwa da yankakkiyar jarka.

Da muka jawo shi tudu muka karkata shi, sai ga tsaga mai tsawon taƙi biyu a hagun ƙashin bayan jirgin, wajen tsakiya. Na kira wani mai gyaran bodin mota, ya goge, ya cika da bodi fila, ƙullin nan da ake cike lotsawar mota da shi, ya ɗora ƙyallen faiba ɗaya, ya yi fenti. Kwana tara ta buɗe. Ya dawo ya ɗora uku. Wannan ya kai sati uku, sannan tsagar ta ɓullo ta gefen facin, har ta ƙara tsawo. Ban ga laifinsa ba, iya abin da ya sani ya yi.

Abin da ke hana ni barci shi ne daɓen cikin jirgin. In na taka daidai wurin sai in ji yana lotsawa. Mahaifiyata ta ce in sayar in huta, amma jirgin nan shi ke ciyar da gidana da na marigayi yayana. Don Allah masu sani, yana gyaruwa? Ta ina ake farawa?

Tsohon Mai Faiba, Sabuwar Busa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, yana gyaruwa, amma ka daina kallon tsagar. Ciwon yana ciki. A ƙarƙashin daɓen nan akwai haƙarƙarin jirgi, katakai ne da aka lulluɓe da faiba, wasu a tsaye daga gaba zuwa baya, wasu a gicciye. Su ke hana ƙasan jirgi lanƙwasa. In ɗaya ya karye ko ya rabu da jikin jirgin, duk igiyar ruwan da ta bugo sai wurin ya motsa, kuma ko faci goma ka ɗora ta waje sai ya tsage. Bodi fila kuwa kwalliya ce, ba ta ɗaukar nauyi.

Fara da ƙaramar guduma. Bi kewayen tsagar kana ƙwanƙwasawa a hankali. Lafiyayyen wuri ƙara yake yi tsaf, wanda faibarsa ta ɗaɗɗaye kuwa za ka ji dum-dum kamar ɓawon kabewa. Zana iyakarsa da alli. Za ka ga ya fi tsagar faɗi nesa ba kusa ba. Sai ka yanke daɓen, ka huda haƙarƙarin da siririn bakin dirila. Garin katako fari busasshe, alhamdu lillahi. Baƙi mai danshi, ya ruɓe, cire shi za ka yi ka sa sabo. Yi wa allon baya da ake ɗaura inji irin wannan gwajin, don doki 75 ba wasa ba ne.

Kafin ka yanke komai, ka ɗora jirgin a kan katakai, ka tokare shi ta ko'ina ya zauna daidai. In ka cire haƙarƙari yana karkace, a karkace zai bushe, har abada yana jan gefe guda.

Sannan ka kankare duk facin nan da filar har ka iske faiba mai kyau. Bakin ramin kada ka bar shi a tsaye, ka feƙe shi ya yi gangare. Ƙa'idar ita ce faɗin gangaren ya ninka kaurin jikin jirgin sau 12. In kaurin milimita 6 ne, kana bukatar wajen santimita 7 ta kowane ɓangare. Ka bar shi ya bushe ƙayau, ko da zai ci sati biyu, ka goge da asiton, sinadarin da ke wanke maiƙo. Sai shimfiɗa: tabarmar faiba mai gashi, sannan saƙaƙƙiya, sannan mai gashi, haka har ka mayar da kaurin da ka cire, ciki da waje. Ka bi kowace da rolar ƙarfe har fararen kumfan iska su ɓace. Kada ka wuce shimfiɗa uku zuwa huɗu a zama ɗaya, don rezin, wato ruwan gam ɗin da ake jiƙa faibar da shi, zafi yake ɗauka in yana kamawa.

Ɗan Kabi daga Argungu:

Baba ya gama magana, Allah shi ƙara girma. Abu guda zan ƙara, shi na zafin ƙasarmu. Ran da munka fara aikin ga da rana tsaka, rezin ɗin a cikin roba ya daskare muna kallo, har hayaƙi shina yi. Ka yi aikinka bayan sallar asuba, cikin inuwa. Hadina, maganin da ka sa rezin daskarewa, kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari aka sawa, wato mil 10 zuwa 20 ga lita guda. Da zafi ka tsaya ga 10, amma kada ka yi ƙasa da haka, in ba haka ba sai shi ƙi bushewa. Da sirinji zaka auna, ba da ido ba, kuma rubu'in lita zaka dama kowane karo. Hadinar ga in ta faɗa ido tana makantarwa, ka sa tabarau ka aje ruwa kusa. Wajen gurza kuma ka rufe hanci da baki, ka sa riga mai dogon hannu, ƙurar ta fi ƙaiƙayi.

Ni da ni na, rezin ɗin da aka kira ifoksi zan saya, ya fi kama tsohuwar faiba.

Tsohon Mai Faiba, Sabuwar Busa:

Gaskiyarka, ifoksi ya fi riƙo, musamman wajen manna sabon katako. Sai dai tsada, kuma tabarma mai gashi da ake samu a kasuwa ba ta narkewa da kyau a cikinsa, don ɗayan rezin ɗin, wato foliyesta, aka yi ta. Wanda ya zaɓi ifoksi sai ya tsaya ga saƙaƙƙiya, ya kuma sani foliyesta ba ya kamawa sosai a kansa daga baya. Jirgin nan da foliyesta aka ƙera shi, in an gurza da kyau zai riƙe. A dai duba wajen saye, rezin ɗin da ya yi kauri kamar zuma ko ya fara gudaji ya tsufa.

Hajiya Mai Kifi:

Ni ban san faiba ba, fasinja ce, shekara da shekaru ina sarin banda a bakin ruwan nan. Ƙanena, don girman Allah kada ka ƙara ɗaukar ko mutum ɗaya sai ka gama. Ba mu manta da haɗarin Wara na watan Mayun 2021 ba, har yau akwai gidajen da ba su dawo daidai ba. In ka gama ma, ka fara gwada shi da buhunan yashi, kuma ka tanadi rigunan ceto.

Matuƙin Yelwa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, na ji, tun ranar da na yi rubutun nan jirgin yana tudu.

Baba, jiya muka yanke daɓen ni da ɗan yayana. Soson kumfar da ke ƙarƙashinsa ya sha ruwa, in ka matsa sai ya zubo. Haƙarƙarin hagu ya karye gida biyu daidai kan tsagar, na sa yatsa ya nutse cikin katakon kamar dafaffen rogo. Da na bi da guduma, da'irar allin ta kai faɗin faifai biyu. Jikina ya yi sanyi da na tuna sati uku ina ɗaukar mutane a haka. Allon baya dai fari ya fito, alhamdu lillahi.

Mun tokare shi da katakai takwas a ƙarƙashin mangwaro, mun bar shi yana shan iska. Yanzu tambayata, haƙarƙarin dama bai karye ba, amma garinsa ya fito da ɗan danshi wajen baya. In cire shi tare, ko in bar shi ya bushe in gani?