Sholisho a unguwa: ta ina ƙungiya za ta fara?

Ɗan Jega:
Assalamu alaikum. Ƙungiyar matasa ce ke son fara faɗakarwa kan shaƙar sholisho da fetur. Matsalar, kayan nan ba haramtattu ba ne, da su mai faci da kafinta ke cin abinci. Kuɗi kuma kaɗan ne. A kama zauren taro a kira malamai, ko akwai abin da ya fi?

Ma'aikacin lafiya, Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kafin taro ku fara koya wa 'yan sintiri da iyaye abu ɗaya: wanda aka tarar yana shaƙa ba a kora shi da gudu, ba a daka masa tsawa, balle duka. Sinadarin toluwin da ke cikin sholisho, da tururin fetur, kan sa zuciya ta kasa jure firgita. Bugunta ya rikice, yaro ya yanke jiki ya faɗi, ko da ranar ya fara.

A zare ledar ko tsumman daga hancinsa a hankali, a buɗe ƙofa da taga, a nesanta sigari da ashana don abin na kama wuta. In ya suma amma yana numfashi, a kwantar da shi ta gefe kada amai ya shaƙe shi. Ɗura madara ko manja da ake yi kuskure ne, huhu suke gangarawa. In numfashi ya tsaya, a riƙa danna tsakiyar ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti, ana neman motar asibiti.

Malamar makaranta, Gusau:
Malam ya yi gaskiya. Ni dai ban ga amfanin kuɗin zaure da riguna da huluna ba. Iyakacinsa a yi bikin 26 ga Yuni, ranar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta duniya, a ɗauki hoto, a watse. Ku bi kasuwa ku rubuta duk shagon da ke sayar da sholisho da tina (sinadarin sirka fenti), sannan ku nemi shugabannin masu faci da kafintoci a zauna gaban hakimi ko mai unguwa. Sharaɗi biyu sun isa: ba a sayar wa yaro, ba a tsiyaya wa kowa a leda. Kada ku shiga da zargi, mai shagon da aka kunyata ba ya sake sauraron ku. Duk wata a koma a duba.

A makaranta kuma kada a nuna yadda ake shaƙa, koyarwa ce. Iyaye mata ake nuna wa alamomi: ƙuraje kewaye da baki da hanci, busasshen gam a hannun riga, wari a numfashi.

Tsohon jami'in jin daɗin jama'a, Kaura Namoda:
Hajiya, ƙari kaɗan. An hana maganin tari mai kodin a watan Mayu 2018, amma toshe ƙofa ɗaya ba ya raba yaro da maye, sai ya koma ga mai arha, har zakami da ke tsirowa a juji. Don haka ku tanadi inda za ku kai shi: wurin koyon sana'a, amma ba faci ko fenti ba. Ku rubuta wa ofishin NDLEA (hukumar yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi) na jiha, suna da shirin faɗakarwa mai suna WADA tun 2021, suna zuwa makarantu da kasuwanni. Wanda ya fara sambatu ko tangaɗi ko bai shaƙa ba, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, jihar Sakkwato, ya kamata a kai shi, ba gidan mari ba.