Tambaya: wa ya taɓa buga golf a filayen hamada na Arizona?

Baban_Ummi_Kano:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ina da tambaya dan Allah duk wanda ya sani ya taimaka min. 'Yata tana karatu a jami'ar jihar Arizona dake Tempe, ita da mijinta sun matsa sai na je na kwana biyu wajensu, kuma da alama cikin watan Yuli ko farkon Agusta tafiyar zata kama saboda lokacin ne suke da hutu. Ni kuma shekara ta ashirin da wani abu ina buga golf tsakanin Kano da Kaduna, a kan burawun ma na fara koyo, irin wanda ake cakuɗa yashi da baƙin mai sai yaro ya ja maka tsumma kafin ka tura ƙwallo, to surukina yace min akwai wani fili kusa dasu sunansa Papago wai na hukumar birnin Phoenix ne, ba sai kana memba ba, kowa ya biya ya shiga. Gaskiya abin ya tsaya min a rai dan mu nan in ba ka da katin kulob ko wani memba bai shigo da kai ba to sai dai kallo daga bakin waya. Shin da gaske ne? Yaya ake yi a samu lokaci, akwai kadi mai ɗaukar wa ɗan wasa jakar sanduna, kuma in ɗauko sandunana ko in yi haya a can? Batun zafi kam ban damu sosai ba, wanda ya buga rami 18 a Kano a watan Afrilu ai inaga ba abinda zai gani sabo. Nagode.

Sani_Mesa_AZ:

Wa'alaikumussalam Baba, sannu da ƙoƙari, Allah ya kawo ka lafiya. Ni a Mesa nake zaune, maƙwabtan Tempe ne, kuma Papago na buga shi yafi a ƙirga. Maganar surukinka gaskiya ce, filin birni ne tun 1963 aka buɗe shi, kuma yanzu a nan ƙungiyar golf ta jami'ar da 'yarka take ke atisaye. Ba ruwansu da ko kai waye, zaka shiga shafinsu a intanet ka zaɓi rana da lokaci ka biya da kati shikenan, in kai kaɗai ne sai su haɗa ka da wasu mutum uku da baka taɓa gani ba, ni an taɓa haɗa ni da direban babbar mota da wata tsohuwar malamar makaranta da jikanta, haka muka yi awa huɗu tare kamar mun daɗe da sanin juna. Wannan ne ma abinda yafi burge ni da filayen gwamnati a nan.

Kadi babu Baba, wannan ka cire shi a lissafi. 'Yar ƙaramar motar fili zaka hau ka ɗora jakarka a baya, kai zaka zaɓi sanda, kai zaka duba gangaren girin, wato lallausar ciyawar da ramin yake ciki, kai zaka share bonka, wato kwarin yashi, da manjagara bayan ka fita. Sanduna kuwa akwai na haya amma in zaka buga fiye da sau biyu gara ka taho da naka, hannu ya riga ya saba. Riga mai kwala kawai suke so, kamar dai gida.

Sai dai in gyara maka wani abu, Papago ba shine cikakken filin hamada ba. Eh yana gindin jajayen duwatsun nan masu ramuka kuma in ka kauce zaka faɗa tsakuwa da ƙaya, amma tsohon gini ne, ciyawarsa da faɗi, akwai bishiyoyi. Asalin filin hamada sune waɗanda aka yi daga baya ta arewacin Scottsdale irinsu Troon North, ko We-Ko-Pa dake ƙasar ƙabilar Yavapai ta Fort McDowell, suma kowa zai iya biya ya buga duk da ba na gwamnati bane. Dalilin bambancin doka ce, a 1980 jihar ta yi dokar ruwan ƙarƙashin ƙasa, daga nan aka ƙayyade wa sababbin filaye ruwan da bai wuce na kamar eka 90 na ciyawa ba a rami 18, to sai masu zane suka koma yin ciyawar tsibiri-tsibiri, ka tsaya a ɗan wuri kore, gabanka mita ɗari ko fiye ba komai sai dutse da ƙaya, sannan wani koren, dole ƙwallonka ta tashi sama ta tsallake. Mu da muka saba a gida lokacin rani ka buga ta ƙasa-ƙasa ta yi ta gangarawa a busasshiyar ƙasa, wannan dabarar bata aiki a can ko kaɗan. Ka taho da ƙwallo da yawa masu araha, da tsohuwar sanda guda ɗaya wadda baka jin ta, dan in ka ce da sabuwar sandarka zaka fito da ƙwallo daga cikin tsakuwa to ranar zata tashi aiki. Yawancin mutane ma wata ƙa'ida suke bi da suke kira dokar hamada, in ta shiga jeji ka ɗauki hukuncin bugu ɗaya ka ajiye wata a bakin ciyawa daidai inda ta shiga, ka tambayi abokan wasanka tun a ramin farko ko haka zasu yi.

Kuɗi kuma ya danganta da wata. Janairu zuwa Afrilu lokacin da mutanen Kanada da jihohin sanyi ke kwararowa farashi sama yake, TPC Scottsdale inda ake gasar Phoenix Open duk Fabrairu sai ka ajiye ɗaruruwan dala. Yuli kuwa filin da ake rububinsa a hunturu sai ka same shi a kaso ɗaya cikin uku ko ƙasa da haka, to amma arahar da dalilinta.

Hajiya_Nas:

Alhaji dan girman Allah wannan magana ta zafi da ka yi ita ta sa na kasa wucewa ban yi magana ba. Ni ba 'yar golf bace, aikin jinya nake a yankin nan, kuma abinda muke gani a Yuli ba wasa bane. A 2023 kwana 31 a jere aka yi zafin Phoenix bai sauka ƙasa da digiri 43 ba da rana, kuma a shekarar mutum 645 zafi ya kashe a gundumar Maricopa kaɗai, inda Phoenix take. An taɓa kaiwa digiri 50 a watan Yunin 1990. Na san zafin Kano, a Fagge na girma, amma bambancin shine a gida jikinka ya bi shekarar a hankali tun daga Fabrairu har ya saba, nan kuwa daga damina zaka taso ka sauka tsakiyar wuta, kuma dare ma baya hucewa, sai ka fito asuba ka ji digiri 30 da wani abu. Iskar a bushe take ƙarau gumi na fitowa yana bushewa, baka ganin jiƙewa a riga sai ka ɗauka lafiya lau kake alhali ruwan jikinka tafiya yake. Wanda ya haura sittin, ko yake shan maganin hawan jini musamman mai sa fitsari, ko mai ciwon suga, shi yafi shiga haɗari.

Ba cewa nake kar ka buga ba. Ka bari sai ka yi kamar sati ɗaya da zuwa, ka fara shan ruwa tun da daddare ana gobe zaka buga, ka tafi da ruwan gishiri da suga irin na ORS ba zallan ruwa ba, da hula mai faɗi da jiƙaƙƙen tawul a wuya. In ka ji jiri ko ciwon kai ko tashin zuciya ko ka ga gumi ya ɗauke to ka bar wasan nan take ko a rami na nawa ne, lambar gaggawa 911 ce. Kuma kar ka haɗa da azumin Litinin ko Alhamis a ranar, Allah ya ga zuciyarka.

Sani_Mesa_AZ:

Hajiya ta gama magana wallahi. Abinda muke yi Baba shine lokacin farko-farko, rana tana fitowa wajen biyar da rabi a Yuli, ka yi asuba ka kama hanya ka fara bugu kafin shida, kafin goma ka gama ka koma cikin sanyin AC. Waɗannan lokutan su ake fara kwashewa sai ka yi bukin, wato ka kama lokacinka a intanet, da wuri. Na yamma yafi araha amma ban baka shawara ba, ƙarfe huɗu zuwa biyar ne ma zafin ke kai ƙarshe, ga shi lokacin damunarsu ne daga tsakiyar Yuni zuwa ƙarshen Satumba, da yamma hadari ke haɗowa da tsawa da wata guguwar ƙura kamar bango wadda su ma habub suke ce mata, kalmar 'yan Sudan. Kana jin jiniya ko ka ga walƙiya ka ajiye sanda.

Na manta ban faɗa ba, in ƙwallo ta shiga jeji kar ka zura hannu ƙarƙashin kurmi, da sanda ake jawo ta, akwai macijin nan mai kacau-kacau a wutsiya kuma da sassafen ne yake fitowa. Sai wata ƙaya da ake kira cholla, ka ɗauka ƙarangiya ce amma girman yatsa ko fiye, kana gogarta gaɓa guda ta ɓalle ta manne maka, in ka sa hannu ta koma hannun, da matajin kai ake zare ta shi yasa zaka ga 'yan wasa da kum a jaka. Ni ta taɓa kama ni a ƙwauri a wani fili can arewacin gari, sati biyu ina cire ƙananan ƙayoyi. Dogayen kaktus ɗin nan masu hannuwa kuma, saguaro, doka ta kare su, wasu sun haura shekara ɗari, ba a dukansu ba a jingina dasu.

Dan_Damagaram:

Ni dai ku yi haƙuri zan ɗan kauce. Ban taɓa riƙe sandar golf ba amma na zauna Arizona shekara uku kuma har na dawo Zinder abin bai daina damuna ba. Phoenix, garin da ruwan samansa a shekara bai kai milimita 200 ba, bai fi na Agadez da wani yawa ba, a ce ana shayar da ɗaruruwan eka na ciyawa dan a buga ƙwallo. Ruwan kogin Colorado ta wata doguwar magudana mai fiye da kilomita 500 ake jawo shi, kuma a 2021 gwamnatin tarayya ta ayyana ƙarancin ruwa a kogin karo na farko, aka rage wa Arizona kasonta, manoman gundumar Pinal su suka fi ji a jikinsu. Mu da muka san layin jarka a bakin famfo wannan koren baya mana daɗin gani. Ba da kai nake ba Alhaji, ka je ka yi wasanka, amma ya kamata a faɗa.

Sani_Mesa_AZ:

Malam maganarka akwai gaskiya ba zan musa ba, nima nakan yi wannan tunanin. Abinda zan ƙara kawai shine noma ne ke shan mafi yawan ruwan jihar nesa ba kusa ba, kuma filaye da yawa musamman na arewacin Scottsdale da ruwan da aka riga aka yi amfani dashi a gidaje aka tace ake ba su, in ka ga bututu ko murfi ruwan hoda mai duhu, kalar makuba, to shine. Wannan ma ya tuna min, Baba kar ka yi alwala ko wanke fuska da ruwan tafkin fili ko na abin feshi, ka shiga banɗakin kulob. Inda ni nake ganin ɓarnar tafi shine abinda suke yi a Oktoba, ciyawar filin ai kiri-kiri ce irin tamu ta gida, tana son zafi, in sanyi ya zo sai ta bushe ta yi ruwan ƙasa, to dan baƙin hunturu su ga kore sai a aske ta ƙasa-ƙasa a shuka wata ciyawar sanyi a kanta a rufe fili sati biyu zuwa uku ana ta antaya ruwa. Busasshiyar kiri-kirin nan tana buguwa lafiya lau, duk wanda ya yi wasa a arewacin Najeriya da rani ya sani, ido ne kawai ba ya so.

Injiniya_Riyad:

Salam. Alhaji tunda a burawun ka koya, abu ɗaya zaka kiyaye, girin ɗin can yafi burawun gudu sosai kuma kiri-kiri tana da kwanciya, in kana tura ƙwallo ta bin kwanciyar ciyawar sai ta zarce, in kana saɓa mata sai ta tsaya a hanya. Ka duba launi, inda yake sheƙi kana bin ta ne, inda ya yi duhu kana saɓa mata. Ka je da wuri ka yi minti ashirin a girin ɗin gwaji. Nan yankin Larabawa ma haka muka sha fama da muka tashi daga filin yashi, wanda kake yawo da ɗan gutsuren kafet ɗin roba kana ɗora ƙwallo, muka koma na ciyawa. Sannan iska mai zafi da bushewa tana ƙara wa ƙwallo tafiya kaɗan, kar ka yi mamaki in ka wuce tuta da sandar da ka saba.

Baban_Ummi_Kano:

Kai jama'a nagode ƙwarai Allah ya saka da alheri ya bar zumunci. Hajiya na ji maganarki kuma na karɓa, dama ina shan maganin hawan jini shekara shida kenan, zan ga likitana kafin tafiya kuma na janye abinda na faɗa kan zafi. Ɗan'uwana na Damagaram ban ji haushi ba ko kaɗan, mu ma nan unguwarmu ruwan 'yan garuwa muke saye, zan je na gani da idona. Na yi magana da Ummi jiya da daddare, tikitin Yuli ya riga ya tabbata, to abinda na yanke shine sati na farko ba wasa, sati na biyu na gwada rami 9 da sassafe tare da surukina yana tuƙa motar, in jiki ya karɓa sai a yi 18 a Papago. Na arewan masu tsibiri kuma zan so ko ɗaya ne na taka kafin na dawo. Malam Sani in ba damuwa ko zaka samu wata safiyar Asabar mu buga tare?

Sani_Mesa_AZ:

Da izinin Allah Baba, girmana ne. Ka turo min ranar saukarka ta akwatin sirri, ni zan yi mana bukin na ƙarfe shida saura, in biyo ta Tempe in ɗauke ku bayan asuba. Kular ruwa da ƙanƙara da kum duk suna mota, kai dai ka taho da tsohuwar sandar nan.