Rumfar raga a kan tumatir da kabeji: wa ya haɗa da hannunsa?

Ɗan Bunkure:
Assalamu alaikum jama'a. Lokacin yafin tumatir ya ƙarato, kuma bana ina so in rufe gadon iri da raga tun ranar da na zuba shi. Tun 2016 da Sharon, tsutsar nan mai cin tumatir, ta cinye gonaki daga Kadawa har Kaduna, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, manomin wannan yanki bai sake barci da ido biyu ba. Kuɗinmu a feshi yake ƙarewa, tsutsar kuwa tana ɓoye a tsakiyar ganye inda magani ba ya kai mata sosai. Manyan gidajen raga na kamfani ba na aljihun talaka ba ne. Abin da nake nema shi ne ƴar doguwar rumfa mai lanƙwasa wadda mutum zai haɗa da kansa. Wanda ya yi, don Allah ya faɗa mana yadda ta kaya.

Baba Mai Fadama, Kura:
Wa'alaikumus salam ɗana. Ka yi tunani mai kyau, kuma a gadon iri ne ragar ta fi biyan kuɗinta, domin wurin kaɗan ne, sati huɗu zuwa biyar ne kawai kafin dashe.

Ga yadda nawa yake. Faɗin gadon mita ɗaya, don hannu ya kai tsakiya daga kowane gefe ba sai an taka ba. Na sa mai walda ya yanyanka mini rodi mai kaurin milimita 10, kowane guntu kamar kamu ɗaya. Ina kafa su biyu-biyu suna fuskantar juna, rabi a ƙasa rabi a waje, tazarar mita ɗaya tsakanin kowane biyu da na gaba. Sai fayif ɗin roba, irin farin nan da masu haɗa wutar gida ke zura waya a ciki. Ka yanka mita biyu da ɗan ɗori, ka zura baki ɗaya a rodin hagu, ka lanƙwaso shi a hankali ka zura ɗaya bakin a na dama, ya zama baka. Idan da sanyin safiya ne ka bari rana ta ɗan taɓa shi tukuna, in ba haka ba yakan karye. Daga nan ka ɗaure doguwar gora ko igiya mai ƙarfi a ƙoƙuwar bakunan daga farko har ƙarshe, ita ke hana su kwanciya.

Inda mutane suka fi sakaci shi ne gindin raga. Dole ta yi rarar taƙi guda ko fiye a kowane gefe. Gefe ɗaya ina binne shi da ƙasa gaba ɗaya, ɗaya gefen da nake buɗewa ina danne shi da ƙananan buhunan yashi a jere, babu rata. Dutse yana yaga raga. Ragar da ke lilo a ƙasa ado ce kawai, ƙwaro ta nan zai shiga ya zauna lafiya.

Ruwa kuwa ba sai ka buɗe ba. Buta mai feshi ta kan ragar nake ba su, har ma ya fi sauka a hankali bai tone iri ba.

Uwargida daga Samaru:
Ni nawa ba gona ba ce, ɗan fili ne a bayan ɗaki, alayyafo da latas da ƴan tushen attaruhu. Abokan gabana kaji ne da ƙadangaru. Da zarar iri ya tsiro, kafin azahar sun yi masa aski. Tsohon gidan sauro da ya yayyage na wanke, na kai wa tela ya farke ɗinkin ya haɗa shi doguwar shimfiɗa, ya toshe hujojin. Bakunan kuwa ɗanyen reshen darbejiya yara suka saro mini, yana lanƙwasuwa da kyau in yana ɗanye. Tun da na rufe, ba mu sayi alayyafo a kasuwa ba. Sai dai gara tana cin gindin itacen, kuma rana tana cinye gidan sauron, baya wuce rani ɗaya yake fara ɓarkewa da an taɓa.

Ma'aikaciyar lafiya, Katsina:
Hajiya, Allah ya ƙara albarka, kuma na ji daɗi da kika ce tsoho ne. Ina roƙon jama'a da babbar murya: sabon gidan sauron da ake rabawa kyauta na kwanciya ne. Mukan shiga ƙauye mu tarar da shi fil a lambu, yaran gidan kuwa suna kwana a fili, sai damina ta zo a kawo mana su jiki kamar wuta. Ba tumatirin da ya kai ran yaro. Bayan haka, an sarrafa zaren da maganin kashe ƙwari, ba a yi shi don ya riƙa gogar ganyen da za a ci ɗanye ba. Ko tsoho ne, a wanke shi sosai, a ɗaga shi sama kada ya taɓa ganye, kuma kada a zubar da ruwan wankin a rafi ko kududdufi, domin irin wannan magani yana kashe kifi.

Mai Garka, Maraɗi:
Salamu alaikum ƴan uwa na Najeriya. Mu nan gefen Gulbi, a kan shu, wato kabeji, muka fi ganin amfanin raga. Tsutsar nan kore ƴar ƙarama mai huda ganye, da wadda ke shiga zuciyar shu tun yana ƙarami ta hana shi naɗewa, dukansu uwarsu da dare take yawo tana saka ƙwai. Wani malamin gona ya ba mu labarin gwajin da aka yi a Benin, wajen Kwatano, inda ake rufe shu da yamma a buɗe da safe. Haka nake yi. Bayan la'asar sakaliya in ja raga in danne, da hantsi in yaye ta gefe guda. Iska na shiga, zafi ba ya taruwa, ƙwarin kirki masu cin na ɓarna su ma suna samun hanya.

Aiki ne, ba zan ɓoye muku ba. Ranar da biki ko rasuwa ta ɗauke ka, dole ka bar wa wani amana. Amma feshin da nake yi ya ragu ƙwarai, kuma mata masu saye sun gane shu ɗina don ganyen waje ba huji.

Ɗan Bunkure:
Malam na Maraɗi, to tumatir fa? In na buɗe da rana ba farin ƙuda zai shiga ba?

Malamin gona mai ritaya, Zariya:
Tambayar taka a kan hanya take. Zai shiga, domin shi da rana yake tashi, kuma shi ke ɗauke da cutar da ke nannaɗe ganyen tumatir ta mai da shi rawaya, shukar ta tsugune ba ta girma. Tsiron da ya kamu tun a gado, ko ka kai shi gona ba zai yi abin kirki ba. Don haka gadon irin tumatir da tattasai a rufe yake zama dare da rana.

Kuma a nan gidan sauro ya gaza. Uwar Sharon tsawonta kamar milimita 6 zuwa 7, gidan sauro mai lafiya zai tare ta. Farin ƙuda kuwa kusan milimita ɗaya ne, ta cikin idon gidan sauro yake wucewa. Ragar da ke tare shi ita ce masu sayar da kayan gona ke kira mai lamba 50, wato zare hamsin a inci ɗaya. Ta fi tsada, amma an yi ta don jure rana, in kana naɗe ta ka ajiye a inuwa za ta yi maka shekaru. Ka nemi fara, kada a haɗa ka da baƙa ko koriyar ragar inuwa. Ragar inuwa rana take ragewa, idonta a buɗe yake.

Abin da na fi gani yana kayar da mutane a shekarun aikina shi ne wurin da suka zaɓa. Tsutsar Sharon in ta ƙoshi takan sauka ƙasa ta kwanta kafin ta fito da fiffike. Mutum ya yi gado a inda ya cire tumatir ko gauta ko dankalin turawa, ya rufe da raga, to ya kulle ɓarawo ne a cikin ɗaki. Mace ɗaya tana iya saka ƙwai sama da 200, kuma da zafi cikin kusan wata guda an sake sabon zubi. Ka yi gadonka nesa da tsohuwar gona, ka ƙone karan tumatirin bara, ka ƙona ciyawa a kan gadon kafin ka zuba iri kamar yadda iyayenmu ke yi. Sannan duk kwana biyu ka leƙa bayan ganye. Akwai jan ƙwaro ƙanƙane mai saƙa kamar gizo-gizo, babu ragar da ke tare shi, kuma zafi da bushewar cikin rumfa sun yi masa daɗi.

Ɗan Filato:
Ranka ya daɗe, ka faɗi gaskiya. Mu a Jos sanyi ya taimake mu, kabeji yana zama a rufe har ya naɗe ba ya damuwa. Ina so in ja kunnen masu kokwamba da kabewa da kankana. Maƙwabcina ya bar nasa a rufe har suka yi fure, ganye shar, amma ƴaƴan suna fitowa su yi rawaya su zube. Waɗannan sai ƙudan zuma ya ɗebo garin furen namiji ya kai wa na mace. Da fure ya fara, a yaye raga. Tumatir shi furensa yana wadatar kansa, sai dai yana son motsi, wanda ya girmar da shi a rufe ya riƙa girgiza sandunan da hantsi.

Baba Mai Fadama, Kura:
A nan ne zan ɗan saɓa da ɗana na Filato. Ƙasarku ba tamu ba ce. A Kano daga Maris zuwa Afrilu zafi yana kaiwa digiri 40, cikin ƴar gajeriyar rumfa kuwa ya fi haka, furen tumatir zubewa yake. Ni ban ba kowa shawarar girmar da tumatir a ƙarƙashin irin wannan a nan ba. Reno kawai. Kuma kwana huɗu ko biyar kafin dashe ina rage ruwa don tsiron ya yi ƙwari, ba tare da na buɗe ba.

Sai iskar hunturu. Ka miƙar da rumfar bakinta yana kallon arewa maso gabas, inda iskar ke fitowa, kada ka ba ta gefe. Ka tattara ragar a ƙarshen nan biyu ka ɗaure a turke mai ƙarfi. Ƙura kuma tana toshe idon raga mai lamba 50 da sauri, sai ka ga haske ya ragu tsiro yana miƙewa siriri. Duk ƴan kwanaki ka kwara mata ruwa daga sama ta wanke.

Ɗan Bunkure:
Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Zan yi gadon a bayan gida inda ba a taɓa shuka tumatir ba, da rodi da fayif kamar na Baba. Mu uku muka haɗa kuɗi za mu sayi ragar mai lamba 50 mu raba. Baba, da me kake kama ragar a jikin bakan don kada iska ta riƙa goga ta?

Baba Mai Fadama, Kura:
Ragowar fayif ɗin nan. Yanka shi guntu-guntu tsawon ɗan yatsa, ka tsaga kowanne a tsaye, ka goge bakin da yashi don kashe kaifi. Ɗora raga a kan baka, ka danna guntun a kai, zai kama. Uku a kowane baka ya isa, ɗaya a sama, biyu a gefe.